Katun ɗin yaran nan fim ne, ko talla ce mai awa ɗaya da rabi?

Kwanakin baya na zauna da 'ya'yan ƙanwata muna kallon WALL-E, katun ɗin nan na ɗan inji da aka bari shi kaɗai a duniya yana tattara shara. Ga wanda bai gani ba, labarin shi ne mutane sun yi ta saye suna zubarwa, suna saye suna zubarwa, har bola ta cinye duniya kaf, sai wani ƙaton kamfani da ya mallaki komai ya kwashe su a jirgi ya yi sama da su, can suka share shekara 700 a kan kujeru masu yawo da mutum, sun yi ƙiba ko miƙewa ba sa iyawa, abinci a kofi suke zuƙa, kowa da allo a gaban fuskarsa.

Fim na ƙarewa ƙaramin ya juyo ya ce, "Kawu, ana sayar da shi? Za ka saya min?"

Kuma amsar ita ce e, ana sayar da shi. Na roba, mai batir, a cikin kwali da leda. Wato fim ɗin da ya ɗauki awa ɗaya da rabi yana nuna wa yaro yadda saye-saye ya kashe duniya, abu na farko da ya bari a ran yaron shi ne a saya masa wani abu.

To bari in faɗi matsayata tun yanzu kar a ce na yi ta kewaye-kewaye. Manyan katun ɗin da ake fitarwa yau talla ce. Talla mafi kyau da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa, har ta kai iyaye ne ke biyan kuɗi don a nuna wa 'ya'yansu ita. Kuma saboda dole tallar nan ta ci a kowace ƙasa, ana sassaƙe labarin ne daidai da abun da kasuwar duniya za ta iya haɗiyewa. Ban ce a hana yara kallo ba, ni kaina ina kallo. Cewa nake a kira abu da sunansa, doka kuma ta ɗauke shi yadda take ɗaukar duk wata talla da aka auna yara da ita.

Ba yau aka fara ba, amma an juya abun

An fito da Mickey Mouse a 1928. Shekara ɗaya bayan haka, kamar yadda Walt Disney ya ba da labari da bakinsa, wani mutum ya tare shi a otal a New York ya ba shi dala 300 don a bar shi ya buga hoton ɓeran a kan littafin rubutu na 'yan makaranta. Zuwa 1933 har agogon hannu an yi masa. Saboda haka haɗin katun da kasuwa tsoho ne. Sai dai a lokacin labari ake fara yi, in ya karɓu sai 'yan kasuwa su biyo sawu.

A shekarun 1980 ne aka juya abun a Amurka. Gwamnatin Reagan ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara, kamfanonin kayan wasa suka ga ƙofa a buɗe. Mattel ta fara fitar da 'yar tsanar He-Man a 1982, katun ɗinsa ya biyo baya a 1983. Hasbro ta sayo izinin wasu motocin wasa masu rikiɗa daga wani kamfanin Japan mai suna Takara, ta sa musu suna Transformers, aka ƙirƙiro musu labari a Amurka, aka zana katun ɗin a Japan, aka sake shi a 1984. Ka ga dunƙulewar duniya ke nan tun kafin kalmar ta cika bakin mutane.

Abun da suka yi a 1986 shi ne ya fi komai fallasa su. A fim ɗin Transformers na sinima suka kashe Optimus Prime, jarumin da yara suka fi ƙauna, tare da wasu tsofaffin jarumai, tun fim bai yi nisa ba. Dalili? Kamfani zai daina ƙera waɗancan, yana da sabbi da yake son a saya. Yara suka yi ta kuka a sinima, iyaye suka yi ta rubuta wasiƙun ƙorafi, har dole aka dawo da shi a katun ɗin talabijin. Ka duba fa, mutuwar jarumi a labari ba marubuci ne ya yanke ta ba, sashen ciniki ne.

Yau abun ya zama ruwan dare har ba mai mamaki. Paw Patrol da yara ke hauka a kai, Spin Master ne ya mallake shi, kamfanin kayan wasa ne na Kanada. Kowane kare da motarsa, kowane sabon zango kuma sai an sake musu motoci da kaya, yau na ruwa, gobe na sama, jibi na daji. Kana ganin labari ne ke buƙatar haka?

Ko ka ɗauki Cars na 2006. A sinima ya kawo wajen dala miliyan 460, wanda a ma'aunin Pixar, kamfanin da ya yi shi, ba wani abun a zo a gani ba ne, masu sharhi ma ba su yaba shi kamar sauran finafinansu ba. Amma kayan da aka manna wa hoton motocin nan sun yi cinikin kusan dala biliyan 10 cikin shekara biyar. Shi ya sa aka yi na biyu, aka yi na uku, aka yi na jirage. Ruwa ba ya tsami banza.

"Haba, katun ne fa kawai"

Wannan ita ce amsar da na fi ji. Wai mu ma mun kalla muna yara, ga shi ba mu lalace ba.

Matsalar ita ce yaro ƙarami bai san ana son sayar masa da abu ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar da rahoto a 2004 cewa yaran da ba su kai shekara 8 ba galibi ba sa gane manufar talla, duk abun da aka ce musu ɗauka suke gaskiya ne. Kai babba in ka ga talla akwai wani ɗan birki a kanka da ke cewa wannan kuɗina yake so. Yaro ba shi da birkin. Kuma wannan maganar talla ce ta fili mai daƙiƙa 30. Ina ga wadda aka naɗe cikin labari, da waƙa, da jarumar da yarinya ke mafarki da ita?

Wasu wurare sun ɗauki maganar da gaske. Lardin Kebek na Kanada ya hana tallar da aka auna 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980. Suwidin ta hana irinta a talabijin ga 'yan ƙasa da 12 tun 1991. Amurka ma da ta saki linzami sai da ta dawo a 1990 ta ƙayyade mintunan talla a shirin yara, minti 12 a awa ranakun aiki, 10 da rabi a ƙarshen mako. Amma duk dokokin nan tallar da ke tsakanin shiri suke ƙirgawa. Shirin kansa, wanda shi ne babbar tallar, ya wuce salin alin. Na Suwidin ma akwai abun dariya, tashoshin da a da suka riƙa watso shiri daga Ingila da harshen Suwidin dokar ba ta kama su ba, saboda ba a ƙasar suke zaune ba.

Akwai wani labari da duk lokacin da na tuna shi sai raina ya sosu. A shekarar 2000 wani mutum mai suna Andy Mooney, wanda ya baro Nike ya koma shugabantar sashen kayan sayarwa na Disney, ya je kallon wasan kan ƙanƙara na kamfanin a garin Phoenix. Sai ya ga 'yan mata ƙanana cike da wurin sanye da rigunan gimbiya da aka ɗinka musu a gida. Wani in ya ga haka zai ce kai, dubi basirar iyayen nan. Shi abun da ya gani kuɗi ne da ke wucewa ba su shiga aljihun kamfani ba. Daga nan aka haɗa Disney Princess, aka tattaro gimbiyoyin finafinai daban-daban aka mai da su haja ɗaya, riga, takalmi, zanen gado, buroshin haƙori, komai.

Abun da aka ƙwace a nan ya fi kuɗi. Yarinyar da a da za ta yafa kowane ƙyalle ta ce ita gimbiya ce, yanzu ta san akwai ta gaske a kanti, tata ta gida jabu ce. Bayan Frozen ya fito a ƙarshen 2013, Disney da kanta ta sanar cewa cikin shekara guda an sayar da rigunan Elsa da Anna, gimbiyoyin fim ɗin, sama da miliyan 3 a Arewacin Amurka kaɗai. Yara miliyan 3, riga iri biyu.

"Amma ai suna koyar da tarbiyya, har sukar son abun duniya suke yi"

Gaskiya ne, kuma nan ne wayon ya fi ba ni tsoro.

The Lorax na 2012 labari ne kan wani mai haɗama da ya sare itatuwa kaf don ya ƙera wani tarkace da ba wanda ke buƙata amma kowa ke saye. Darasi mai kyau. To fim ɗin ya fito da abokan talla kusan 70, cikinsu har da Mazda da ta ɗauki Lorax ɗin kansa, ɗan halittar da ke kare itatuwa a fim ɗin, ta sa shi tallar motarta CX-5 mai shan fetur.

The Lego Movie na 2014 mugun cikinsa ɗan kasuwa ne mai son kowa ya bi umarnin da ke cikin kwali, ya sayi abu ɗaya, ya ji waƙa ɗaya. Fim ne mai ban dariya ƙwarai, na yarda. Kuma kowane abu da ka gani a allo tun daga farko har ƙarshe ana sayar da shi. A rabin farko na shekarar Lego ta wuce Mattel ta zama kamfanin kayan wasa mafi ciniki a duniya.

Amma wurin da na fi tsayawa a kai yana cikin Toy Story na 1995. Buzz, wani abun wasan yara, ya yi imani shi jarumin sararin samaniya ne na gaske, duk abun da ɗan uwansa abun wasa Woody ya gaya masa bai ji ba. Sai ya tsinci kansa a gaban talabijin ana tallarsa, murya na ihu, ana nuna shi jere a kan kanta ɗaruruwa, duk fuska ɗaya, a ƙasan allo an rubuta cewa ba ya tashi sama. Ya buɗe murfin da ke hannunsa ya ga an buga cewa a Taiwan aka ƙera shi. Ya hau saman bene ya buɗe fukafukai ya yi tsalle don ya ƙaryata tallar, ya faɗo, hannu ya cire. Wallahi ban san wani wuri a katun da ya faɗi gaskiya kan kayan kanti kamar wannan ba. Kuma a ƙarshen shekarar nan iyaye sun yi ta zarya kantuna suna neman Buzz ɗin ya ƙare, don ba a ƙera da yawa ba.

Ba na zargin masu zanen da munafunci. Na yarda da yawansu abun da ke ransu suka faɗa. Sai dai tsarin da suke aiki a ciki ya gano cewa suka ma haja ce. Uba ya fita sinima yana jin daɗi an koya wa ɗansa ƙana'a, yaro ya fita yana son 'yar tsanar wanda ya koya masa ƙana'ar, kowa ya samu abun da yake so, kamfani ya karɓi kuɗi sau biyu.

Wani zai kawo Spirited Away na Miyazaki ɗan Japan, na 2001, inda iyayen yarinya suka afka wa abincin da ba nasu ba suka rikiɗe aladu, uban yana cewa kar a damu yana da kuɗi da katin banki. E, wannan ya fi su ciwo, kuma ba a zana shi don a cika kanti ba. Amma kamfanin da ya yi shi ma yana da shagunan 'yar tsana. Bambancin dai shi ne wanne aka fara tunani, labarin ko kayan.

"Yanzu ai kowace al'umma ana sa ta a ciki"

Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. A da gimbiya fara ce mai dogon gashi, shikenan. Yanzu akwai Mulan, akwai Moana, akwai Coco. Mutanen Meziko sun rungumi Coco hannu bibbiyu har ya kafa tarihin ciniki a ƙasar a 2017. An juya Moana zuwa harshen Maori da na Tahiti da na Hawai, harsunan da ba kasafai yaransu ke jin su a babban allo ba. Ba zan raina wannan ba.

Amma mu duba yadda ake yin abun. A Zootopia na 2016 akwai mai karanta labarai a talabijin. A Amurka da Kanada wata ƙatuwar dabba ce mai rassan ƙaho, a Chaina panda ce, a Ostireliya koala, a Birazil damisa irin tasu. A Inside Out yarinya ta ƙi cin burokoli, wani kayan lambu, da aka kai fim ɗin Japan sai aka sake zana wurin aka mai da shi koren tattasai, don yaran Japan ba sa ƙin burokoli. Uban yana tunanin wasan hoki, a wasu ƙasashe aka mai da shi ƙwallon ƙafa. Kung Fu Panda 3 an yi shi da haɗin wani kamfani a Shanghai har aka sake zana motsin baki don ya dace da harshen Mandarin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, da aka kai Pokémon Amurka, dunƙulen shinkafar da yaran Japan ke ci yana nan ƙiri-ƙiri a allo amma murya na cewa donot ne.

Wannan ba sanin juna ba ne. Yaron Amurka da ya kamata ya tambaya mene ne wancan farin abun, an hana shi tambayar. Kowa ana miƙa masa madubi ne ya ga kansa, don wanda ya ga kansa ya fi saurin zaro kuɗi. Minions kuwa sun huta da wahalar ma gaba ɗaya, yarensu tarkacen kalmomi ne daga harsuna barkatai, ba na kowa ba, ba su da ƙasa, ba su da tarihi, rawaya ne masu saukin bugawa a kan kofi. Fim ɗinsu na 2015 ya haura dala biliyan 1.

In kuma aka ɗauko al'adar wasu, sai ka ga hannun mallaka ya biyo baya. A 2013, ana shirin Coco, Disney ta nemi a yi mata rajistar sunan bikin tunawa da matattu na mutanen Meziko a matsayin tambarin kasuwancinta, bikin da ya girmi kamfanin da ɗaruruwan shekaru, sai da aka yi ca sannan ta janye. A 2016 ta fitar da rigar yara ta Maui na Moana, riga mai launin fatar mutum da zanen jiki irin na mutanen tsibiran, wato yaro ya sa fatar wata al'umma ya yi wasa, ita ma sai da aka yi ca ta ba da haƙuri ta janye. Hakuna matata magana ce ta yau da kullum a Swahili, amma kamfanin yana da rajistarta a Amurka kan riguna, har mutum sama da dubu 100 suka sa hannu a takardar ƙorafi a 2018. Waƙar zakin nan da ke cikin The Lion King asalinta ta Solomon Linda ce, mawaƙin Zulu da ya naɗe ta a 1939 ya mutu a 1962 cikin talauci, iyalansa sai da suka kai ƙara a 2004 kafin a sasanta a 2006.

Sai abu na ƙarshe a nan, kuma wannan ra'ayina ne, mai so ya musa. Ana canza fata da tufafi da kiɗa, amma ƙashin bayan labarin kusan ɗaya ne. Yaro ko yarinya na jin gida ya yi masa kaɗan, manya sun kafa doka, ya karya ta, ya bi zuciyarsa, a ƙarshe manya su gane shi ne mai gaskiya. Ariel ta The Little Mermaid haka, Mulan haka, Moana haka, yaron Coco haka. Ban ce labarin banza ba ne, wani lokacin manya ne ke kan kuskure. Amma in shi ne kaɗai labarin da ake ba yaran duniya, daga tsibiri zuwa sahara, to ba bambancin al'adu ake nuna musu ba. Kuma ka lura saƙon "kai na daban ne, abun da ranka ke so shi ne daidai" shi ne dai saƙon da kowace talla ke ɗauke da shi.

Ba Amurka kaɗai ba ce

Kar wani ya ɗauka faɗan Turawa da sauran duniya ne. Pokémon na Japan ne, ya fara a matsayin wasan na'ura a 1996, kuma taken da aka tallata shi da shi kansa umarni ne ga yaro ya tara su duka, alhali kullum ƙara sabbi ake yi, yanzu sun haura 1,000. Peppa Pig ta Ingila ce, Hasbro ta saye kamfanin da ya mallake ta a 2019 kan kusan dala biliyan 4, kuma ba don son alade ta saya ba. Ne Zha 2 na Chaina ya wuce dala biliyan 2 a 2025, ya zama katun mafi kawo kuɗi a tarihi, kayan wasansa kuma suka yi ta ƙarewa a kantuna. Duk wanda ya shiga filin da ƙarfi salon nan yake ɗauka.

"Iyaye su ce a'a mana"

Suna cewa. Kullum suna cewa. Amma a yi adalci, uwa ɗaya ce a gajiye a gefe guda, ɗaya gefen kuma kamfani ne da ke da masana halayyar yara da masu zane da mawaƙa da kasafin talla na miliyoyin daloli, aikinsu kenan safe da yamma su gano yadda a'a ɗinta za ta koma to.

Kuma ba a sinima abun ke tsayawa ba. Hoton na kan jakar makaranta, yana kan robar ruwa, yana kan kwalin abin karin kumallo mai sukari, an ajiye shi a kantar ƙasa daidai idon yaro. McDonald's ta fara Happy Meal a 1979, a 1996 kuma ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da Disney, kowane sabon fim da 'yar robarsa a cikin kwalin abinci. Yaro ba yunwa ce ta kai shi ba. Ga kuma abokan makaranta, wanda ba shi da jakar da ake yayi shi ya san abun da yake ji. Ka hana ɗanka kallo gaba ɗaya ma, zai dawo gida ya san sunan kowane jarumi.

Shi ya sa nake cewa maganar ta fi ƙarfin gida ɗaya. Chile ta gwada wani abu a 2016, ta hana sa hoton katun a kan kayan ci masu yawan sukari ko gishiri ko mai, ta hana cusa kayan wasa a cikinsu. Damisar da ke kan kwalin Kellogg's ta ɓace daga kantunan ƙasar, ƙwan cakulan Kinder mai abun wasa a ciki ya fita daga kasuwa. Kamfanoni sun yi ƙorafi, sun je kotu, amma ba a ji sama ta faɗo ba. Ba a hana kowa fim ba, an dai raba jarumin yaro da sukari.

"To wa zai biya kuɗin fim ɗin?"

Wannan ce hujjar da na fi girmamawa. Babban katun na cin dala miliyan 150 zuwa 200, ɗaruruwan mutane na aiki a kai shekara huɗu ko biyar, kuma dole su ci abinci. In ka cire kuɗin kayan wasa wasu finafinan ba za a yi su ba.

Na ji. Amma a juya tambayar, waɗanne finafinai ne ba a yi ba saboda jaruminsu ba zai yi kyau a kan kofi ba? Waɗannan ba mai ƙirga su don ba wanda ya taɓa ganinsu. Abun da muke gani shi ne na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, don tsohuwar fuska ta riga ta sami wuri a kanti, sabuwa kuwa caca ce.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa sai da miliyan 200. Flow, katun ɗin wata mage da ambaliya ta raba da gida, an yi shi a Latbiya da haɗin Faransa da Beljiyam, da manhajar Blender wadda kyauta ce, kan kuɗin da bai kai yuro miliyan 4 ba, babu magana ko ɗaya a cikinsa, ya doke Inside Out 2 ya ɗauki lambar yabo ta Oscar a 2025. Wani ɓangare na kuɗinsa daga asusun gwamnati na tallafa wa fim ya fito. Faransa ta daɗe tana cire kashi 10 da ɗoriya daga kowane tikitin sinima, har da na finafinan Amurka, ta zuba a asusun yin nata, shi ya sa take cikin manyan masu yin katun a duniya. Wato hanya akwai, zaɓi ne ake yi.

Abun da ya fi damuna yanzu ma ba sinima ba ne. Yaro ya koma waya. Can babu tikiti, babu lokacin tashi, wannan na ƙarewa wancan ya fara da kansa, tsakanin katun da katun kuma ga bidiyon hannaye suna yage kwalin sabon abun wasa a hankali, yara na kallo awa da awanni, ba labari ba komai, buɗe kaya kawai. Kamfanin da ya mallaki Cocomelon, tashar waƙoƙin yara ta YouTube, an saye shi a 2021 kan kusan dala biliyan 3. Dokokin da ke ƙirga minti 12 a awa an rubuta su ne don akwatin talabijin. A 2019 hukumomin Amurka sun ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba don a auna su da talla, aka yi ta shela wai tara mafi girma irinta. In ka raba kuɗin da suka shiga uwar kamfanin a shekarar, wajen dala biliyan 162, a kan kwanakin shekara, tarar ba ta kai cinikin rabin yini ba.